Tarihin Taron Mawaƙa a Majami'u: Daga Aberdare zuwa Ƙasar Bukkuyum

Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta san taron mawaƙa ba a arewacin Nijeriya. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyin mawaƙa na gunduma sukan haɗu a majami'a ɗaya, kowace ƙungiya da irin rigunanta, a raira waƙoƙi da murya huɗu, wani lokaci a ba waɗanda suka yi na ɗaya kofi. Mun saba da wannan har muna ɗauka haka Ikkilisiya take tun farko. Amma taron, a siffar da muka san shi, bai kai shekara 200 ba. Ya taso ne a Birtaniya a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma a majami'un talakawa ya yi ƙarfi. Ya kamata mai hidima ya san dalilin kafa shi, gama fasto ne dattawa za su tambaya ko ya dace a kashe kuɗin baiko a kan tafiyar mawaƙa. Shi ne kuma zai ba da amsa ran da jama'a suka daina waƙa suka zama 'yan kallo.

Majami'un da abin ya fara

A Ingila da Wales ta wancan zamani, Ikkilisiyar Angilikan ita ce ta gwamnati. Akwai kuma masu bi da yawa da suka ƙi zama ƙarƙashinta, irin su Baftis, da Methodist, da ikkilisiyoyi masu cin gashin kansu. Wuraren sujadarsu su ne ake kira chapel da Turanci. Gini ne marar ado, mumbari a gaba, bene kuma ya zagaye ciki ta sama. Jama'a ne suke gina shi da kuɗin aljihunsu. Ƙidayar masu zuwa sujada da aka yi a 1851 ta nuna cewa a Wales kusan mutum takwas cikin goma na waɗanda suka je sujada, a irin waɗannan majami'u suka je.

Waƙoƙi masu zurfin koyarwa suna nan tun kafin lokacin. Isaac Watts da Charles Wesley sun rubuta da Turanci, William Williams na Pantycelyn ya rubuta da harshen Wales. Matsalar tana wajen rairawa. A majami'u da yawa mutum ɗaya ne yakan karanta layi, jama'a su bi shi, wani da sauri wani da ja. Muryoyin da ikkilisiya ta sani ba su da yawa. Kayan kiɗa kuwa abin gardama ne. A 1827 aka so a kafa babban abin kiɗan nan da ake kira ogan a majami'ar Methodist ta Brunswick a birnin Leeds. Rigimar ta yi zafi har kimanin mutum dubu suka fita suka kafa ɗarikarsu. Idan mun tuna gardamar da kakanninmu suka yi a kan shigar ganga majami'a, za mu ga ba mu ne farau ba.

Do, re, mi

A 1841 malaman Makarantar Lahadi suka yi taro a garin Hull. Suka ɗora wa wani saurayin fasto, John Curwen, aikin nemo hanya mai sauƙi ta koya wa yara da manya waƙa. Curwen ba ƙwararren mawaƙi ba ne. Ya sami hanyar da wata malama, Sarah Glover ta birnin Norwich, take koyar da yara da ita, ya gyara ta, ya yaɗa ta. Ita ce solfa da malaman waƙarmu suke rubutawa a allo har yau.

Sunayen muryoyin tsofaffi ne, gama sun samo asali daga Guido na Arezzo, wani malamin Ikkilisiya a Italiya a ƙarni na 11. Abin da Glover da Curwen suka yi shi ne sauƙaƙe rubutun. Kowace murya tana da harafi ɗaya: d, r, m, f, s, l, t. Ɗigo da layi suna nuna tsawon lokaci. Duk inda waƙa ta kafa gindinta, sama ko ƙasa, nan ne "do". Saboda haka wanda ya iya karatun boko kaɗan zai iya karanta muryar waƙa cikin 'yan makonni, ba sai da kayan kiɗa ba. Kowace ƙaramar maɗaba'a kuma tana iya buga ta da baƙaƙen da take da su, takardar waƙa ta yi arha har lebura ya iya saya. A 1857 yara kimanin 3,000 da suka koyi solfa suka raira waƙa tare a babban zauren Crystal Palace a Landan.

Mu lura, fasto ne ya ɗauki wannan aiki, kuma don sujada ya ɗauke shi. Burinsa shi ne kowane mai bi ya iya buɗe baki ya yabi Allah da tsari.

Aberdare, 1859

Aberdare gari ne a kudancin Wales, a cikin kwarin da ake haƙar kwal. A 1841 mutanensa kimanin 6,500 ne. Kafin 1861 sun wuce 32,000. Baƙi ne suka kwararo daga ƙauyuka neman aiki, suka bar gonaki da dangi. Aikin kuwa na kasada ne. A 1852 rami ya fashe a mahaƙar Middle Duffryn da ke kwarin, ya kashe fiye da mutum 60. Mashaya ta yi yawa. Ga wanda ya bar gida, majami'a ce ta zama dangi.

A wannan gari John Roberts, wanda aka fi sani da Ieuan Gwyllt, yake zaune a 1859. Mai wa'azi ne na ɗarikar Methodist ta Wales, mai aikin jarida kuma. Ya yi shekaru yana tattara muryoyin waƙa, yana tace su, yana zubar da waɗanda ya ga ba su dace da sujada ba. A 1859 ya buga littafinsa na muryoyin waƙa domin jama'ar ikkilisiya. A shekarar kuma aka yi taron rairawa daga littafin a majami'ar Bethania ta Aberdare. Wannan taro ne aka saba lissaftawa a matsayin mafarin abin da mutanen Wales suke kira cymanfa ganu, wato taron waƙa. Shekarar ta zo daidai da babbar falkaswa da ta ratsa Wales, majami'u suka cika da sababbin tuba masu bukatar koyarwa. Ba da daɗewa ba solfa ta shiga ƙasar, Ieuan Gwyllt ya karɓe ta, taron waƙa ya bazu ko'ina.

Ga yadda ake shirya shi. Majami'un ɗarika ɗaya a yanki ɗaya sukan naɗa kwamiti. Kwamitin ya zaɓi waƙoƙin shekara, ya buga su a ƙaramin littafi, a rarraba watanni kafin ranar. Kowace majami'a ta riƙa koyon waƙoƙin a makarantar waƙa, sau da yawa bayan sujadar yammacin Lahadi. In rana ta matso, majami'u na kusa su haɗu su gwada tare. Ranar taron, wadda sau da yawa takan faɗo a hutun Ista ko na Fentikos, zaman safe na yara ne, na rana da na yamma na manya. Mutane sukan zauna bisa ga muryarsu, murya ta ɗaya waje ɗaya, ta biyu, ta uku da ta huɗu haka nan, ba bisa ga majami'ar da suka fito ba. Jagoran da aka gayyato yakan tsaya a mumbari, ya tsai da waƙa ya gyara, ya bayyana ma'anar kalmomi, ya sa a maimaita. Ana addu'a, ana karatu, ana gajeren gargaɗi.

Abu biyu ne babu a wurin: babu kofi, babu kuma 'yan kallo. Duk wanda ya shiga majami'ar mawaƙi ne. Ribar taron kuwa tana bayyana ne a Lahadin da ke biye, sa'ad da kowace ƙaramar majami'a ta koma gida da sababbin waƙoƙin da kowa ya iya.

Da gasa ta shigo

Mutanen Wales suna da wata tsohuwar al'ada dabam ta gasar waƙa da rubutu. Da majami'u suka cika da mutanen da suka iya karanta solfa, sai gasar ta sami ma'aikata. A 1872 da 1873 wani maƙeri ɗan Aberdare, Griffith Rhys Jones, wanda ake kira Caradog, ya kai mawaƙa fiye da 400 daga kudancin Wales zuwa Crystal Palace, suka ɗauki kofi shekara biyu a jere. Ƙasa duka ta yi murna. Har yau gunkin tunawa da shi yana tsaye a tsakiyar Aberdare.

Gasa ta kawo alheri. Ta sa mahaƙa kwal sun koyi manyan waƙoƙi irin na Handel, ta sa an ƙware. Amma kafin ƙarshen ƙarnin ta kawo wani abu kuma. Garuruwa suka riƙa gaba da juna saboda mawaƙansu. Aka riƙa caca a kan wanda zai ci, aka riƙa zagin alƙalan gasa, wani lokaci har da faɗa. A harshen Wales akwai suna da aka ba kishin da ke tsakanin mawaƙa, ma'anarsa "shaiɗanin waƙa". Duk faston da ya taɓa sasanta malaman waƙa biyu ya san wannan baƙo.

Don haka hanya biyu ce ta fito daga zamanin Biktoriya. Ɗaya tana tara jama'a domin su koyi waƙa. Ɗaya tana zaɓen gwanaye domin su fafata. Dukansu biyu sun iso gare mu, sau da yawa a cikin taro ɗaya.

Yadda ya iso ƙasar Hausa

'Yan mishan da suka zo Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19 sun tashi ne a cikin wannan duniya ta waƙa. Wani littafi ya ƙara musu guzuri. Daga 1873 zuwa 1875 masu bishara biyu daga Amurka, Dwight Moody da Ira Sankey, suka zaga Birtaniya suna wa'azi. Littafin waƙoƙin Sankey, mai suna Sacred Songs and Solos, ya fara ƙarami, daga baya ya kai waƙa 1,200. Waƙoƙinsa masu sauƙi ne, da yawa suna da amshi. Ieuan Gwyllt da kansa ya juya wasunsu zuwa harshen Wales a 1874. Irin waɗannan muryoyi ne muke samu da yawa a Littafin Waƙoƙi na Hausa.

Ƙungiyar SIM ta faro da zuwan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham a 1893, ta kafa tasha a Patigi a 1902. SUM ta fara a Wase a 1904. Likita Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya daga 1905, shi ne kuma jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a masarautun Musulmi, saboda haka Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Zamfara take ciki a lokacin, ya sami bishara ta ƙofofi uku. Ta kudu, mishan na UMS, wadda ta haifi ikkilisiyar UMCA, ta kai Salka da Zuru a shekarun 1920. Ta gabas, jirgin ƙasa ya kai Gusau da Kaura Namoda a 1929, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa masu bi daga kudu da littattafan waƙarsu. Sa'an nan a shekarun 1930 aka bar SIM ta kula da masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda ta yi a Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano.

A makarantun Littafi Mai Tsarki da na horon malamai aka koyar da solfa. Mai bishara yakan fita da Littafi Mai Tsarki a hannu ɗaya, Littafin Waƙoƙi a ɗayan. Da ikkilisiyoyi suka tsaya da ƙafafunsu, ECWA a 1954, tarayyar da yanzu ake kira TEKAN a 1955, tsarin gundumomi ya ba taron mawaƙa gida, kamar yadda yankunan ɗarika suka ba shi a Wales.

Muryar ƙasa

Rigar aro ba ta cika rufe jiki ba. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai gaɓa doguwa da gajeruwa. Muryar da aka tsara domin Turanci takan ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ta hau inda maganar take sauka. Shi ya sa wani baitin Littafin Waƙoƙi sai an karanta shi a takarda kafin a gane abin da yake faɗi. Yarabawa sun riga mu fuskantar wannan. Fasto J. J. Ransome-Kuti na Abekuta ya tsara waƙoƙin sujada da muryoyin ƙasarsu, har aka ɗauki muryarsa a faifai a Landan a 1922.

A arewa, mata ne suka buɗe hanya. Zumuntar Mata ta shigo da tulu da caki cikin majami'a, da salon jagora da 'yan amshi, da waƙoƙin da matan suka tsara da kansu daga labaran Littafi Mai Tsarki. Daga 1963 kuma aikin bishara na Sabon Rai don Kowa ya haifar da ƙungiyoyin mawaƙa masu ganga a garuruwa da ƙauyuka. Waɗannan waƙoƙi ba su bukatar takarda. Tsohuwar da ba ta yi makaranta ba takan kama amshi tun a ji na biyu.

Mu da muke hidima a Zamfara muna zaune ne a gidan waƙa. Ƙasar nan ce ta haifi Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo. Kunnen maƙwabtanmu ya san gindin waƙa da ɗiyanta, ya san in amshi ya zauna daidai. Ƙasar nan kuma ta daɗe da sanin koyarwa ta hanyar waƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara a ƙarshen ƙarni na 18, shi da jama'arsa kuma sun yi amfani da waƙoƙi wajen karantarwa. 'Yarsa Nana Asma'u ta koyar da matan karkara ta waƙoƙin da jajis-jajis suke haddacewa su kai ƙauyuka. A irin wannan ƙasa, ikkilisiyar da take raira abin da ita kanta ba ta fahimta ba, ba za ta ɓoye ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da tarihin ya ce mana a Bukkuyum, Anka da Gummi

Ikkilisiyoyin yankinmu ƙanana ne, a warwatse, a tsakiyar maƙwabta Musulmi masu rinjaye. Yankin kuma ya san wahalar haƙar ma'adinai. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Bayan haka 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, hanyoyi suka zama abin tsoro. Jama'ar Aberdare ta 1859 ba za ta yi mamakin halinmu ba: baƙi nesa da gida, aiki mai haɗari, jana'iza a kai a kai. A cikin irin wannan hali ne aka kafa taron waƙa, domin a sa gaskiyar Allah a bakin mutanen da ba su da tabbacin gobe.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna wannan hanya. A Maimaitawar Shari'a 31:19-22 Allah ya umarci Musa ya rubuta waƙa ya koya wa Isra'ilawa, domin ta zauna a bakin zuriyarsu a kwanakin wahala. A Nehemiya 12:27-29 an tattaro mawaƙa daga ƙauyukan da ke kewaye da Urushalima domin keɓewar garu. Bulus da Sila sun raira waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ba littafi, ba fitila (Ayyukan Manzanni 16:25). Kolosiyawa 3:16 ya haɗa waƙa da koyarwa da gargaɗin juna, 1 Korantiyawa 14:15 kuma ya bukaci a raira da ruhu da fahimta. Iyalin da suka gudu daga ƙauye da dare ba su ɗauki Littafin Waƙoƙi ba. Abin da suka haddace shi ne ya bi su.

Saboda haka muna ba masu hidima shawara su komo da taron ga manufarsa ta fari. A zaɓi waƙoƙi goma ko goma sha biyu na shekara, wasu daga Littafin Waƙoƙi, wasu na Zumuntar Mata da Sabon Rai, wasu sababbi da 'yan ikkilisiya suka tsara, har da na harsunan da jama'armu suke yi a gida. Fasto ya zauna da malamin waƙa su bi kalmomin baiti baiti, gama waƙar da ta karkace a koyarwa ta fi wa'azin da ya karkace daɗewa a zuciya. A koya wa ikkilisiya duka, yara da tsofaffi, ko da minti goma ne kowace Lahadi. A haɗa majami'u biyu ko uku na kusa, da rana, a tashi da wuri kowa ya isa gida kafin duhu. Dattawa su auna halin hanya kafin su aika 'ya'yan mutane tafiya mai nisa saboda kofi. A rage ƙarar na'urar magana har jama'a su ji muryar kansu, a kuma kula da lokutan sallar maƙwabta.

Ƙungiyar mawaƙa tana da wurinta. Dawuda ya keɓe gwanaye 288 domin waƙar Haikali (1 Tarihi 25:7), Kenaniya kuma an ba shi shugabancin waƙa saboda gwaninta (1 Tarihi 15:22). Gwani baiwa ne ga ikkilisiya. Inda ake gasa, a yi ta da gaskiya, alƙalai su bayyana ma'auninsu tun da wuri. Amma Amos 5:23-24 ya gargaɗe mu cewa Allah yana iya ƙin jin waƙar mutanen da suka yar da adalci. Ma'aunin da za mu auna taron bana da shi mai sauƙi ne. Wata uku bayan taron, ran da ba wuta, malamin waƙa kuma ya yi tafiya, a ɗaga ɗaya daga cikin waƙoƙin shekara a ga mutum nawa ne za su iya kai ta ƙarshe.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane bambanci ne ke tsakanin taron Aberdare na 1859 da tafiyar Caradog zuwa Landan? Wanne ne taron gundumarku ya fi kama da shi?
2. Ku ɗauki waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ku karanta ta kamar magana, sa'an nan ku raira ta. A ina muryar ta saɓa wa hawa da saukar Hausa?
3. Nawa ikkilisiyarku ta kashe a kan taron mawaƙa na bara, kuma waƙa nawa jama'a suka koya daga gare shi?
4. Idan ikkilisiyarku ta watse na wata shida, waɗanne waƙoƙi biyar kuke so kowane yaro ya tafi da su a ka? Ku faɗi dalili daga Littafi Mai Tsarki.